Ba Wanda Ya Duba Hayaƙinka, Festy

Ranar Litinin, uku ga Fabrairu, ina kwance a asibitin Galway da karayar ƙugu, aka gaya mini yayana Festy Conneely ya rasu. Ba a ma san ko ranar ce ya cika ba. Ranar dai mai kai wasiƙu ya tura ƙofa ya same ka a kujera, murhu ya huce.

Festy, kai ka koya wa ƙauyenmu duba hayaƙi. Duk lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, da sassafe za ka tsaya bakin katanga kana bin bututun hayaƙin gidaje da ido. Gidan da bai yi hayaƙi ba, sai ka saɓa shebur, ka cusa burodi a riga, ka nufe shi. A shekarar babbar dusar ƙanƙara, wadda tumaki suka mutu a tsaye, haka ka iske Bridie Mannion ita kaɗai tana naƙuda. Ka ciro ƙyauren ɗakinta, kai da maƙwabta kuka ɗauke ta a kai har titi. Ɗan da ta haifa shi ne Colie, wanda tagarsa ke kallon rufinka yau.

Kafin a tafi da ni asibiti na ce masa, "Colie, ka riƙa duba hayaƙinsa."

Ya ce, "Haba Nuala, sai kin faɗa? Ai kamar ubana ne."

Guguwa ta zo ta karya falwayoyi, aka kwana biyu babu lantarki. Da aka kawo ni zaman makoki daga asibiti, na tarar da Colie riƙe da kofin shayi, yana ba da labarin ƙyauren nan, mutane na gyaɗa kai. Na ce, "Hayaƙin fa?"

Ya ce, "Na zaci ya sayi hitar ɗumama ɗaki kamar kowa."

"Hita, ana babu wuta?"

Sai ya hau juya cokali. Sauran ma kowa ya sunkuyar da kai, don duk cikinsu babu wanda ba ya hango gidanka. Ban yafe ba, Festy, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Ubangiji ya jiƙanka, ya ba ka hutawa inda babu sanyi. Ina yi wa 'yarka Sorcha da jikokinka ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Mutanen ƙauye kuwa ba ni da ta'aziyyar da zan yi musu. Kowa ya fara addu'a kada murhunsa ya mutu, domin mai dubawa ya tafi.