Ta'aziyyar da Ta Riga Gawa Isowa

Ban riƙe alƙalamin boko ba sai bayan da na aurar da 'yata ta fari, saboda haka ba na ɓarnar tawada a kan abin da idona bai gani ba. Malam Zaharaddeen mai gyaran rediyo maƙwabcina ne a Gusau, katangarmu ɗaya, kuma ina wurin ranar da gaisuwa ta kusa raba shi da ransa.

Haifaffen Bunguɗu ne. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a gona, amma shi hankalinsa na kan duk wani akwati mai magana. Ya zo Gusau ya koyi gyara, ya buɗe shago a zauren gidansa. Da wayar hannu ta kashe kasuwar rediyo sai ya koma gyaran fanka da fitila mai caji, amma kunnensa bai bar tsohuwar ɗabi'arsa ba.

A wata tafiya Kano ya sayo wani akwati na gwanjo da ake kira sikana, ya ɗaura masa eriya a kan doguwar gora. Aikinsa sauraron masu magana da oba-oba. Ya taɓa yi mini bayani cewa oba-oban zamani ba ta zama a tasha guda. Akwai wata tasha da ba ta magana, sai raba wa masu kira gurbi, kamar ɗan kamasho a tashar mota, akwatin kuwa ita yake bi. Da haka yake jin 'yan rakiyar da ke bin motocin haya a hanyar Tsafe, waɗanda wani attajiri ya saya wa oba-oba. Ba ya samun komai a ciki. Yana so ne kawai ya ji wa ya yi faci, wa ya tsaya shan fura.

Na gargaɗe shi ba sau ɗaya ba. A ƙasar nan mutumin da ya san labarin hanya kafin jama'a sunansa infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma wanda aka laƙaba wa sunan nan ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba. Yakan ce, "Alhaji, akwatin nan kunne gare shi, ba shi da baki. Ni ma haka." Ya kuwa riƙe wannan doka, ko matarsa Wasila ba ta jin komai daga gare shi.

A shekarar da aka rufe layukan waya a jihar, lokacin girbin gero, bayan azahar ya ji muryar wani ɗan rakiya a akwatin. An tare bas kafin a shigo Gusau daga Tsafe. Fasinjoji sun tsira, direban ya cika. Aka faɗi sunansa: Sabiru, ɗan Alhaji Abdulsalami mai hatsi, na ƙarshen layinmu. Zaharaddeen ya kashe akwatin ya zauna, bai faɗa wa kowa ba.

Da muka fito daga sallar la'asar, ya hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Abdulsalami, maza zaune jere, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai cewa uffan. A ganinsa labari ya iso, an fara zaman makoki. Bai san cewa masu jiran zakkar gero ne ba, kunyar karɓa ce ta rufe musu baki. Maƙwabci kuma ba ya wuce zaman makoki. Ina biye da shi ya cire takalmi, ya durƙusa gaban dattijon.

"Alhaji, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Sabiru, ya sa ya huta."

Alhaji yana riƙe da tiya. Ya ajiye ta a hankali.

"Mi kac ce, Malam?"

A nan Zaharaddeen ya lura da buhunan da ke jingine a bango.

"Wane Sabiru? Nawa da yat tahi Tsafe da safe?"

Kafin Zaharaddeen ya sami abin faɗa motar 'yan rakiya ta shigo layin a hankali, an lulluɓe wani abu da bargo a bayanta. Kuka ya tashi daga cikin gida. Mutanen da ke kan tabarmi kuwa ba motar suke kallo ba, Zaharaddeen suke kallo.

Muktar ɗan ƙanen Alhaji Abdulsalami ne kuma shugaban 'yan sa-kai na unguwa, tare suka tashi da mamacin. Wani ya raɗa masa abin da ya faru. Ya tako da bindigarsa ta gargajiya a kafaɗa, bai ɗaga murya ba.

"Baba Zaharaddeen, babu waya garin nan. Mu da muke da hakkin ji yanzu munka ji. Kai wa yag gaya maka?"

"Akwati ne."

"Akwati. Aljani ne ciki?"

Babu wanda ya yi dariya. Na ji wani daga baya ya furta sunan nan da nake tsoro, wani ya maimaita. Na shiga tsakani na ce ni dattijo ne a layin nan, ba za a taɓa mutum a gabana ba sai an ga abin da ya ambata. Muktar ya dube ni, ya ce, "To, Baba, mu gani. In babu, ka kauce."

Muka tafi shagon, jama'a na biye, har hasken ƙofa ya toshe. Wasila na bayan labule tana karanto addu'a. Zaharaddeen ya kunna akwatin, lambobi suka riƙa gudu a fuskarsa, amma babu murya. Dalili a fili yake: 'yan rakiyar duk suna ƙofar gidan rasuwa, ba mai kiran wani. Sai dai taron da ya fusata ba ya jiran dalili.

"Ina maganar?" in ji Muktar.

"Sai wani ya yi, sannan shi ji."

"Watau ka kawo mu kallon lambobi."

Zaharaddeen ya roƙi a kira ɗan rakiya guda, Muktar ya raɗa masa duk abin da ya ga dama, mutumin ya tafi bayan masallaci ya faɗa a oba-obarsa. Muktar ya aika aka kira wani mai suna Mahadi. Ya ja shi gefe ya yi masa magana a kunne, Mahadi ya fita.

Muka tsaya. Fitilar batirin akwatin ta koma ja, domin tun safe babu wuta. Na ga zufa na ɗiga daga gemun maƙwabcina zuwa kan teburin gyara. Akwatin ya yi wani ƙugi irin na injin niƙa, ya katse. Wani matashi a bakin ƙofa ya ce ɓata lokaci ne, a fito da shi waje. Muktar ya sauke bindigar daga kafaɗa ya riƙe ta a hannu biyu.

Sai lambobin suka tsaya cak, muryar Mahadi ta fito sarai:

"Muktar ya ce Sabiru na da tabon ƙuna a ƙafar hagu. Shi yaƙ ƙona shi da gawayi suna yara."

Muktar ya juya fuskarsa ga bango na ɗan lokaci. Da ya juyo idanunsa sun kaɗa.

"Ka ji lokacin da sunka tare shi?"

"A'a. Bayan an gama ne naj ji. Da na ji kafin nan, wallahi da na karya dokata."

Muktar ya cire wayoyin akwatin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke shi a hammata. Ya ce abin da kunnen mai gyara ya iya kamawa, kunnen 'yan bindigar daji ma zai iya, don haka akwatin ba zai sake kwana a unguwar ba. Ga taron kuma ya ce, "Ba infoma ba ne. Duk wanda yas sake hwaɗin haka, da ni zai yi." Zaharaddeen bai nemi akwatinsa ba, har yau kuma bai sayi wani ba. Gorar tana nan a kan rufin, Wasila na ɗaura igiyar shanya a gindinta.

An yi jana'iza kafin magariba. Washegari na ce masa ya tashi mu je zaman makoki. Ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Na ce in bai je ba, maganar da aka binne jiya za ta tashi. Muka je. Na yi tawa gaisuwar, shi kuwa ya durƙusa gaban Alhaji Abdulsalami, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Dattijon ya daɗe yana dubansa, jama'a na jiran abin da zai ce. Sannan ya matsa gefe, ya buga tabarmar da tafin hannu.

"Ka riga ka yi taka, Malam. Zauna nan."