Shaidar da Ɗan Kawuna Ya Yi Mini a Kazaure

Ɗan kawuna ya kira ni ɓarawon shanu a zauren mai unguwa a Kazaure, ranar da na ɗauke shi ya je ya yi mini shaida don a ba ni hayar gida. Yana dariya ya faɗa. Da wannan dariyar ya hana ni gida, ya canja wa iyalina gari, ya zaunar da babbar 'yata a ɗaki shekara guda. Har yau in maganar ta taso cikin dangi sai a ce ai wasan taubasai ne. To ni zan faɗi yadda aka yi, wanda ya ga wasa ne ya ci gaba da gani.

Ni maƙeri ne, a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa aka haife ni. A aji biyar na firamare na tsaya, ba don kaina ya ƙi ɗauka ba, sai don babana ba shi da mai zuga masa wuta. Garma nake ƙerawa, ina gyaran amalanke, daga baya na koyi walda. Abincina gaba ɗaya a wuyan shanun huɗa yake rataye. Da ɓarayi suka fara shigowa yankinmu suna kora shanu, wanda aka sace wa ya rasa, wanda ba a sace wa ba ya kai nasa kasuwa tun kafin a zo masa. Mutumin da ba shi da sa me zai yi da garma? Damina biyu ina buɗe maƙera in zauna ina kallon hanya. Kafin ta uku na ce wa mai ɗakina mu ɗaure kaya.

Garuruwa biyu ne a gabana, Kazaure da Babura. Ban yarda da labarin baki ba, na hau babur na je na duba kowanne da idona.

Babura na fara zuwa, ranar kasuwa. Tun kafin in shiga gari nake cin karo da amalanke, wata da buhunan gero, wata da kara, wata ƙafarta na kuka tana neman mai gyara. Mutanen Nijar sun cika kasuwar shanu da wajen masu hatsi, ana ciniki da sefa kamar a can. Ina tsaye ina kallo wani Bafulatani ya ji na ce ni maƙeri ne, ya ja ni ya nuna mini ƙarfen amalankensa da ya tsage, na ari wuta a wajen wani mai walda na ɗinke masa a take. Gari ne shimfiɗaɗɗe, yashi, gidaje da tsakar gida mai faɗi inda mace za ta ɗaure akuyarta. Mutanensa ba su da yawan gaisuwa, in kana da aiki a hannu sun san ka.

Kazaure kuwa dutse ne. Da rana ya sha zafi, da yamma ya amayar maka da shi. Gidan haya a matse, ɗakinka na jin tarin maƙwabci. Aikin ƙarfe a can ƙofa ne da taga da get, kuma masu yi sun yi yawa, kowa da janaretonsa yana jiran a kawo wuta. Ma'aikacin gwamnati zai zo da takalmi mai sheƙi ya duba ƙofar da ka yi kwana uku kana yi, ya ce fentin bai yi masa ba. In don sana'ata ce kawai, ko minti ɗaya ba zan tsaya tunani ba, Babura zan tafi.

Amma akwai yarinyar. Ita ce ta fari a wurina, ita kaɗai ce a zuriyar babana ta gama sakandare, kuma a shekarar ta sami gurbi a wata kwaleji a Kazaure. Ranar da ta kawo mini takardar sai da na karanta ta sau uku, a hankali, da yatsa a kan layi, don Turancina ya tsufa. Ba ni da halin kama mata ɗaki ita kaɗai, ko da ina da shi ba zan yi ba. In muna Kazaure, da ƙafa za ta je ta dawo ta ci tuwon uwarta. In muna Babura, hanya ta yi nisa, kuɗin mota kullum ya fi ƙarfina.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, a Babura kai za ka ji daɗi. A Kazaure mu za mu ji. Ga makarantar yarinya, ga 'yan uwana a Roni kusa. Kai ne mai gida, ka zaɓa."

Na ce ai ta riga ta zaɓa mini. Na yanke Kazaure, na san zan sha wuya, na yarda.

A nan ɗan kawuna ya shigo. Babansa da innata uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ni da shi taubasai ne, tun muna yara shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Ya daɗe a Kazaure, yana da shagon kwano da rodi, yana kuma sayar da ƙofofi da tagogi. Da na gaya masa shawarata sai ya kama yabon Babura kamar a can aka binne cibiyarsa.

"Kai bawa, me za ka yi a Kazaure? Nan garin masu biro ne. Ka tafi inda shanu suke, can ne danginka."

Na ce, "Kai da ka zo da silifas ɗaya ba su kore ka ba, ni za su kora?"

Muka yi dariya. Na ɗauka ta ƙare a nan.

Na sami gida a wata unguwa a gindin dutse, ɗaki biyu da ɗan fili a ƙofa inda zan kafa rumfa. Mai gidan, wani Alhaji dattijo, ya ce ba matsala, sai dai yanzu duk wanda ya taso daga yankinmu sai ya kawo wanda zai tsaya masa a gaban mai unguwa. Ban ga laifinsu ba. Lokaci ne da ake cewa ɓarayin shanu suna da masu kai musu rahoto a cikin gari, kowa yana tsoron baƙo. Na ce ina da ɗan uwa na jini a garin nan, kowa ya san shagonsa.

Bayan la'asar muka je. Mai unguwa yana kan tabarma, Alhaji mai gida a gefensa, da wani mutum mai jajayen idanu da aka ce shi ne shugaban 'yan sintiri. Muka cire takalma, muka durƙusa, muka gaisa. Mai unguwa ya dubi ɗan kawuna ya ce, "Kai ne ka san shi?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya kai ni saninsa? Bawana ne na gado. Babban ɓarawon shanu ke nan na kawo muku. Tun da ya ce zai taso, shanun ƙauyensu suka fara samun barci. Wanda yake da sa a unguwar nan ya ƙara igiya."

Ya bushe da dariya har yana dukan cinyata.

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce me ya hana ni tashi in ƙaryata shi. Taubashi in ya zage ka, ba a fushi. In ka ɓata rai kai ne marar zumunci, kai ne ba ka san wasa ba, kuma a gaban manya. In ka rama, ka mayar da zauren mai unguwa dandali. Abin da ya rage shi ne ka yi dariya, ita na yi. Wannan dariyar tawa ta fi komai ci mini rai har yau, don na ji ta a kunnena kamar ta mai laifi.

Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "Taubasai ne ke nan." Amma mai jajayen idanun bai yi murmushi ba. Ya tambaye ni sana'ata, na ce ƙira da walda. Ya ce, "Kana gyaran bindiga?" Na ce ban taɓa ba, garma ce aikina. Ya ce to. Na juya ina jiran ɗan kawuna ya gyara zama ya yi magana ta hankali, ya ce wasa nake, mutumin kirki ne, na tsaya masa. Kalma uku ta isa. Sai ya ciro waya yana dubawa. Alhaji ya ce in je, za su yi shawara.

Da muka fito na ce masa, "Me ka yi mini haka?"

Ya ce, "Haba, kai ma dai. Ba ka ga mai unguwa ya gane ba? Tsufa ya fara hana ka sanin wasa."

Bayan kwana uku Alhaji ya aiko cewa ɗan ƙaninsa zai shiga gidan. Na nemi wani a unguwar gaba, mai gidan ya tambayi sunan ƙauyenmu da sana'ata, ya ce ashe ni ne maƙerin. Na uku ko zaure bai bari na shiga ba. Ba wanda ya ce mini ɓarawo. Kowa dai ya ga babu dalilin da zai sa ya ɗauki kasada a kan baƙo wanda ɗan uwansa ma abin da ya faɗa ke nan.

Kada wani ya ce mini kuskure ne. Ɗan kawun nan nawa ya san inda ake wasa, ya san gidan biki, ya san gidan suna, ya san ranar sallah. Ya taɓa tsaya wa direban da yake ɗauko masa kaya a gaban wannan mai unguwar, bai yi dariya ba ranar. Daga baya matarsa ta yi suɓutar baki a wajen mai ɗakina, ta ce maigidan yana cewa mutanen ƙauyukan Roni da Gwiwa da suke sayen ƙofa a wurinsa duk sun san hannuna, in na kafa rumfa a Kazaure wurina za su koma. Da ya fito ya gaya mini haka, da na rantse masa ba zan taɓa ƙofa ba, in tsaya a kan garma da kurar ruwa. Bai iya ba. Ya nemi hanyar da zai soke ni ba wanda zai ce ya yi laifi.

Muka tafi Babura kafin ruwa ya sauka. A can ma an nemi mai shaida. Bafulatanin nan da na ɗinke wa amalanke, wanda ba mu haɗa komai ba, shi ya je ya ce, "Na ga aikinsa, na ga sallarsa, ban ga sharri ba." Aka ba ni gida.

Aiki kam na samu, ba zan yi wa Allah butulci ba. Wannan ma ya zama abin da ɗan kawuna yake yawo da shi cikin dangi, wai shi ya tura ni inda arzikina yake. Ba ya faɗin yarinyar. Sati biyu ta gwada zuwa daga Babura, ta fita da sassafe ta dawo bayan magariba a galabaice, wata rana motar ta lalace a hanya ta rasa darasi. Na ga ba za ta yiwu ba. Makarantar ta yarda ta ɗaga mata zuwa shekara mai zuwa, sau ɗaya tak. Ta dawo gida tana taya uwarta suyar awara. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Littattafanta tana ajiye da su a cikin leda a ƙarƙashin gado, wani lokaci in na shigo cin abincin rana sai in tarar ta fito da su tana karantawa, ta yi sauri ta mayar don kada in ji ba daɗi.

Da shekara ta kusa zagayowa na rasa yadda zan yi. Na nemi wanda zai riƙe ta a Kazaure cikin dangin uwarta, babu, duk suna Roni da ƙauyukanta, kuma gidajensu a cike. Ana haka aka yi suna a Roni a gidan wan mai ɗakina, muka je. Ɗan kawuna ya zo da sabuwar shadda. Bayan an shafa fatiha ana rabon goro, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Bawa, na ji 'yata tana zaune a gida. Ka kawo ta wurina mana, ga ɗaki nan tare da yarana. Ko a nan ma sai an yi maka shaida?"

Mutane suka yi dariya, wasu suna cewa Allah ya saka da alheri, zumunci ya yi kyau. Raina ya ce in ce masa ya riƙe ɗakinsa. Amma ba ni da wani ɗakin, kuma in shekarar nan ta wuce gurbin ya tafi. Na tashi na je har inda yake zaune, na tsaya a gabansa, ban ɗaga murya ba amma na kusa sun ji.

Na ce, "Yarinya za ta zo, don karatunta ya fi fushina. Geronta da manta daga Babura za su riƙa zuwa, ba za ta ci ƙwaya ɗaya ta hatsinka ba. Ranar da zan kawo ta, kafin ta sauke jaka, ni da kai za mu je wurin mai unguwa, a kira Alhajin nan da shugaban 'yan sintiri, ka faɗa musu da bakinka cewa ban taɓa ɗaukar ko igiyar wani ba, kuma ka faɗa fuskarka a ɗaure. Ba zan bar 'yata tana wucewa ana nuna ta da baki ba. Bayan wannan, in mun haɗu ka yi mini sallama in amsa, in an yi mutuwa mu yi wa juna gaisuwa. Amma kada ka ƙara kirana bawa, ni ma na daina. Ka nemi wani abokin wasan."