Yaya Hamisu da Gorar Fatsarsa

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Hamisu makwancinsa a bayan garinmu, can ƙasar Bagwai. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a duk zuriyarmu shi kaɗai ya zama masunci.

Mu manoma ne tun kaka da kakanni. Da aka datse kogin da ke gabas da mu, ruwa ya haɗiye fadamarmu, ya bar mu da 'yar gonar jigawa wadda rabon gado ya riga ya yayyanka. Baba ya yi fushi da dam ɗin nan, har ya koma ga Allah bai taɓa zuwa bakinsa ba. Yaya Hamisu kuwa cewa ya yi tunda ruwa ya ci gonarsa, shi ma daga ruwa zai ci. Bai nemi taru ba, bai nemi ragar kalli ba. Fatsa ya zaɓa, mutanen gari suka yi ta masa dariya wai ya ɗauki aikin yara.

Shi bai ɗauke ta wasa ba. In ya je sayen gora, sai mai gora ya gaji da shi. Zai ɗaga wannan ya girgiza, ya lanƙwasa waccan a gwiwa, ya ajiye. Karfasa, in ji shi, gora siririya take so, mai laushin kai, wadda za ta gaya maka da zarar kifi ya taɓa koto. Tarwaɗa sai mai ƙwari, don ita ƙasa take nufa da ƙugiya. Zare ma bai yarda da guda ɗaya ba: siriri da rani, lokacin da ruwa ya kwanta kifi yana gani, mai kauri da damina in ruwa ya gurɓace. Wani tsohon kwarkwaro na ƙarfe ya samo wajen 'yan gwangwan, ya gyara shi, ya ɗaure a gindin babbar gorarsa don naɗe zare.

Babbar gorar nan ta giwan ruwa ce. Shi wannan kifi ba ya kula tana, farautar ƙananan kifaye yake yi. Don haka Yaya ya yanke mariƙin cokali, ya bubbuge bakinsa, ya huda, ya maƙala ƙugiya, ya goge shi da toka har yana ɗaukar ido. In ya wurga, sai ya ja, ya tsaya, ya sake ja, cokalin yana juyi a ruwa kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Ni dai na gwada sau da yawa, ciyawa kawai nake kamowa.

Sai shekarun wahala suka shigo. Ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero yake fitar da kai, wata daminar ma haka. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye. Mutanen da suka yi wa Yaya dariya duk suka gangara dam. Da farko gidan sauro suka mayar taru, suna kwashe har 'ya'yan kifi. Daga baya wani ya gano cewa in ka tsiyaya maganin feshi a lungun ruwa, kafin hantsi kifi zai taso da kansa, ciki sama. Ana cika kwanduna, shi kuwa Yaya yakan wuni ya dawo da karfasa uku ko huɗu, ga matarsa Hauwa da tsohon ciki.

Ina zaune ranar da Inna ta tare shi a tsakar gida.

"Hamisu, kowa yana cika kwando, kai kana wasa da cokali?"

"Inna, in na zuba maganin nan, bana za mu ƙoshi. Baɗi fa?"

"Wanda bai ci bana ba, ina zai ga baɗi?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki gorarsa ya fita. Har yau ban iya cewa Inna ba ta da gaskiya ba. Yunwa ba ta jin wa'azi.

Hauwa ta haihu, gidan babu ko akuya. Ana gobe suna ina ban ruwa a 'yar gonata ta tumatir a gefen dam, sai na ji ihun Yaya. Na tarar da shi cikin ruwa har ƙirji, gora ta lanƙwashe kamar baka, kwarkwaro yana kuka. In kifin ya ja, sai ya sakar masa zare. In ya lafa, sai ya naɗo. Zaren ya yanka masa tafin hannu, jini yana bin gorar, bai saki ba. Rana ta karkata sosai kafin kifin ya gaji. Mu biyu muka cicciɓo shi, giwan ruwa ne wanda tsawonsa ya kai ƙuguna. Da shi aka yi sunan Safiya, unguwa duka ta ci, har da waɗanda rabonsu da miya mai maiƙo tun kaka. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A ranar mun ɗauka romon ne ya fara zuwa.

Ashe na ƙarshe ke nan. Da bazara ruwa ya ja baya, masu magani suka ƙara yawa. Wata safiya gari ya tashi da wari, bakin dam fari fat da mushen kifi, manya da ƙanana. Yaya Hamisu ya wuni yana tsincewa yana binnewa, don kada yara su kwasa su kai gida. Bai zagi kowa ba. Ya ci gaba da zuwa da gorarsa, yana dawowa hannu rabbana, har tsargiyar da ya daɗe da ɗauka a ruwan nan ta ci ƙarfinsa. Ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, muka yi ta yawon asibiti har Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau, me zai ce? Yashi ya cike rabin dam ɗin, ciyawa ta rufe sauran, injinan ban ruwa suna zuƙar abin da ya rage. Kifin da ake ci a garinmu yanzu daga Kano ake kawo shi cikin kwali, da ƙanƙara a jikinsa. Yaran da aka haifa bayan rasuwarsa ba su taɓa ganin giwan ruwa ba, in ka kwatanta musu sai su ɗauka tatsuniya ce. Ina jin ba zai ce komai ba. Baɗin da ya yi ta tattali ta zo, kuma ba ta zo da komai ba.

Me ya rage nasa? Gorarsa gara ta cinye. Babban ɗansa yana tuƙa adaidaita sahu a birni, ko ƙugiya bai iya ɗaurawa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Watan jiya na je bakin dam na tambayi samarin da ke jan gidan sauro ko sun san Hamisu mai fatsa. Suka kalli juna. Sai wata tsohuwa mai suyar kifi, Iya Talatu, ta ɗago kai.

"Hamisu? Allah ya haskaka kabarinsa. Duk shekarun da na yi ina sayen kifi a hannunsa, bai taɓa kawo mini mai ƙwai ba. Mayarwa yake yi ruwa."

Ni ɗan'uwansa ban taɓa sanin wannan ba. Na ce amin. Ta koma kan kaskonta tana juya 'yan kifayen da aka kawo mata ranar, babu wanda ya kai tsawon yatsa.