Yadda Na Sayar da Sunan Baba Ilyasu

Ni ɗan Gadarif ne, can gabas da Khartum, a unguwar Hausawa aka haife ni, mahaifina manomin riɗi da dawa. Ban taso da halin ɗauke-ɗauke ba, ko ƙuli-ƙulin mahaifiyata ba na taɓawa sai ta miƙo mini. Abin da na taso da shi rawar kai ne da son a ce na iya. Ku matasa masu yini a gaban kwamfuta, da ku nake.

Na koyi haɗa kwamfutoci a shagon intanet na Ustaz Bashir da ke bayan kasuwa, a shekarun da takunkumi ya hana mu sayen manhajojin kamfanonin waje. Dole muka koma wa na kyauta, irin waɗanda kowa ke iya buɗe cikinsu ya karanta ya gyara. Na ɗora ɗaya daga cikinsu, Linux, a kan wata tsohuwar na'ura da aka yasar a lungu, na mai da ita uwar sauran. Ta cikinta intanet ke bi ya rarrabu, da ita nake hana mutum ɗaya ya shanye layin, kuma duk takardar da aka ɗauki hotonta a shagon cikinta take sauka. Kalmar sirrin da ke buɗe komai ni kaɗai na san ta. Ustaz ya ce, "Riƙe, ya zol, mutumina. Ni da na kalli rubutun nan kaina ke sarawa."

Da leƙe na fara. Na'urar tana rubuta inda kowa ya shiga, ni kuma in karanta in yi dariya a ciki. Na san ɗan kasuwar da ke zazzare ido a masallaci alhali wasiƙun soyayya yake rubutawa. Ban cuci kowa ba, haka nake faɗa wa kaina, kallo ne kawai. Daga nan na koma kan takardu. Mutanenmu kan kawo takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, da takardun haihuwa, da tsofaffin takardun kakanni, a ɗauki hotonsu a tura wa 'yan uwa a Khartum ko Jidda. Ƙa'idar aiki ita ce a goge bayan an tura. Ni ban goge ba, na buɗe musu ɓoyayyen wuri ina tarawa, ba tare da na san abin da zan yi da su ba.

Wanda ya sani shi ne Haidar, wani dillali mai zirga-zirga a hanyar Gallabat, garin kan iyaka. Mun sha kofi tare sau da yawa kafin bakina ya suɓuce na yi masa burga da abin da na tara. Ya ce, "Akwai masu tsallako iyaka ba su da takarda. Kai kuma kana da takardu ba mutane." Na ce ina tsoro. Ya ce, "Mafi mushkila, babu matsala, kwafi ne fa. Na asali yana hannun mai shi, me ka rage masa?" Na ba shi guda uku. Bayan wata guda na ba shi ashirin, ban ko tsaya duba sunayen ba.

Cikin su akwai na Baba Ilyasu, aminin mahaifina. Kakansa ya baro Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a Gadarif, ya tsaya noma don ya sake shiri, har mutuwa ta riske shi. Mahaifinsa ma bai samu tafiya ba. Shi Baba Ilyasu sai da ya haura saba'in sunansa ya fito cikin mahajjata, unguwa duka ta ɗauki murna. Da ya je neman fasfo aka ce masa wani ya riga ya yi rajista da sunansa da na ubansa da na kakansa. Aka tsare shi kwana biyu ana tambayarsa wane ne shi, a garin da aka binne iyayensa. Dama can Bahaushe a ofis sai ya amsa tambayar da ba a yi wa kowa.

Da aka sake shi, wurina ya zo, yana dogara sanda. Ya ce, "Ɗana, a nan kaɗai na taɓa fito da takardun nan. Kai ka san kan injin. Duba mini ko wani ya shigo ta waya ya ɗauke." Na ja masa kujera. Na yi ta buga umarnin banza, rubutu yana gudu a allo, shi kuma ya zuba ido yana jan carbi kamar mai jiran likita. Na ce, "Baba, ban ga komai ba." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malesh, ba komai, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya yi maka albarka." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Amma ban faɗa masa gaskiya ba. Yana fita na goge takardun duka, na goge tarihin da na'urar ke rubutawa, na ce shi ke nan.

An kama Haidar a tashar Showak da jaka cike da takardun jabu, bai ko sha wuya ba ya ambaci shagonmu. 'Yan sanda suka zo da wani injiniya. Ina tsaye ina taƙama da cewa babu abin da zai samu. Na manta shekara biyu baya, don in burge Ustaz, na tsara wa na'urar duk Juma'a ta tura kwafin komai zuwa wata ƙaramar na'ura a ofishinsa. Tana ta aikinta ba fashi, har da ranakun da na kwashe takardun da sa'o'insu. Injiniyan ya ce, "Wanda ya tsara wannan ya iya aiki." Yabon da na yi shekaru ina nema ke nan, na same shi da ankwa a hannu.

Shekara huɗu alƙali ya yanke mini. An rufe shagon Ustaz, mutumin da laifinsa kawai yarda da ni. Mahaifiyata takan kawo mini tuwo a kurkuku, ta zauna ta yi kuka ta tafi. Mahaifina bai taɓa zuwa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga bakinta na ji an wanke sunan Baba Ilyasu, amma sai bayan mahajjatan shekarar sun tashi. Kafin wata shekarar ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rasu ina ciki.

Da na fito na je gidansa neman gafara. Ɗansa Haruna ya tare ni a zaure, bai ce in zauna ba. Ya ce, "Baba ya yafe maka. Ya ce in ka fito in faɗa maka, to na faɗa. Halas, magana ta ƙare, kada ka ƙara zuwa gidan nan." Na juya na fita.

Yanzu ja wa mutane waya nake yi a bango, in haɗa musu na'urori in tafi. Kalmar sirri ba a ba ni, ni ma ba na nema. Kai da ke koyon wannan aiki, wata rana za a damƙa maka makullin da ke buɗe sirrin kowa, ba mai gadinka, ba ma wanda ya fahimci abin da kake yi. Abin da ba a ce ka duba ba, kada ka duba. Abin da aka ce ka goge, goge shi nan take. In wani ya ce maka kwafi ne kawai, tashi ka bar masa wurin. Ni na tuba, yafiyar ma na samu, amma Baba Ilyasu yana kwance kusa da kakansa a maƙabartar Gadarif bai ga Makka ba, kuma ni ne sanadi.