Shekarar da 'Yata Ta Koya Mini Lissafi

Ina da shekara arba'in da ɗaya aka shaida mini a ofis cewa ƙarin girmana ya tsaya, saboda takardar sakandare ta ba ta da kiredit a lissafi. Shekara goma sha shida ke nan ina jera fayil a wani ofishin gwamnati a Keffi ba wanda ya taɓa tambaya. Na je na yi rajistar jarrabawar da ake yi wa waɗanda suka bar makaranta.

A lokacin babbar 'yata tana aji huɗu na sakandare, an fara musu abin da suke kira kwadiratik: lissafin da ake neman darajar x, a samu amsa biyu maimakon ɗaya. Ni ko tuna an taɓa koya mana shi ban yi ba. Na ce mata duk ranar da aka ba su aikin gida ta kawo mu yi tare. Ba ta so ba, amma ba ta musa ba.

Bayan la'asar muke zama a tsakar gidanmu da ke unguwar Yara, kowa da littafinta. Ba ta da haƙurin koyarwa. Takan ce in nemo lambobi biyu da in an ninka su za su ba da na ƙarshe, in an haɗa su su ba da na tsakiya, sannan ta koma kallon farcenta. Idan na daɗe sai ta karɓe biron ta rubuta. Wajen wata guda ina kwafa kawai.

Wata Laraba aka ba su x² − x − 12 = 0. Kafin in gama rubuta tambayar ta gama, ta samu uku da mainos huɗu. Ni na ɗauki kusan minti ashirin, na samu huɗu da mainos uku. Ta leƙo ta ce na juya alamomin, in gyara.

A ofis ba na mayar da fayil sai na duba lambarsa sau biyu. Sai na mayar da huɗu a gurbin x: sha shida a cire huɗu, a cire sha biyu, babu saura. Na saka ukunta, ya ƙi fita. Na tura mata littafin.

"Umma, malaminmu bai koya mana haka ba," in ji ta.

Na ce to, ta kai nata yadda yake.

Ranar Juma'a ta dawo ta ajiye littafin kan tabarma a buɗe, malamin ya soke amsarta da jan biro, ta wuce ɗaki ta cire yunifom. Da muka zauna ranar Asabar, ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba, yadda ake gwajin nan. Na nuna mata. Daga ranar ta daina karɓe mini biro.

Na rubuta jarrabawar a aji ɗaya da yara sa'anninta, har wani mai sa ido ya ɗauka rakiya na yi. Sakamako ya fito da mafi ƙanƙantar kiredit, wanda shi ake buƙata. Ƙarin girman bai zo ba sai bayan shekara biyu, lokacin ita tana shirin tata jarrabawar.