Kamera a ɗakin takaba

Ban yi karatu ba. Faɗa nike, maƙwabciyata na rubutawa, in kuka ya zo mini sai ta aje alƙalami ta jira.

Maigidana mai ɗaukar bidiyon biki ne. Duk Malanbil an san shi, har daga Madekali da Tumbutu ana zuwa ɗaukarshi bisa babur. Amma namiji iyakarshi zaure. Abin da ake son gani ga biki kuwa cikin gida yake: lalle, wankan amarya, guɗa, tsohuwa ta tashi rawa ta mance da ciwon gwiwa. Shi ya sa tun ɗiyarmu ta fari tana budurwa ya koya mata riƙon kamera. Shi ya ɗauki maza wurin fatiha da rabon goro, ya miƙa mata, ta shige ciki. Da aurenta ya mutu ta dawo gida, sunka ci gaba. Daga baya hannunshi ya fara rawa, aikin ya koma kusan duk nata, ko da yake sunanshi ke fitowa ga farkon kowane bidiyo.

Yakan ce mata, "Ke da namiji kika zo da na huta."

Ita kuma ta ce, "Baba, da wa zai shiga maka wurin lalle? Ko zane za ka ɗaura?"

Ya rasu farkon damina, na shiga takaba. Ƙanenshi ya ce kada a taɓa komi sai na fita a yi rabon gado. Anka sa kamera cikin jakarta, anka tura ta ƙarƙashin gadona. Ɗiyata ta koma taya wata mata awon shinkafa a kasuwa. Yayar maigidana ke zama da ni tana tsaron al'ada. Ba madubi, ba turare, ba ɗaga murya, ba magana da baƙon namiji.

Wata rana da hantsi mota ta tsaya ƙofar gida. Tagar ɗakina kusa take da zaure, ina jin komi. Mutanen sinima ne daga Kwatano, har da Bature guda, sun zo da tafinta. Tafintan ya ce suna yin fim kan matan da ke turara shinkafa. Masu kamerarsu duk maza ne, 'yan kudu, ba mai jin Dandanci ko Hausa, da sun matso sai mata su ja mayafi su juya baya. Wani ya nuna musu bidiyon biki inda matanmu ke dariya baki buɗe, ba mai ɓoye fuska. Shi ne sunka biyo sunan, suna neman wanda ya ɗauka.

Ƙanen maigidana ya ce, "Ai mai aikin Allah ya yi mishi rasuwa."

"Allah ya jiƙanshi. Ba wanda ya koya wa?"

"Babu. Ɗanshi guda, kabu-kabu yake yi."

Ba na jin ya ɗauka ƙarya ya yi. Gare shi, ɗiya ta taya ubanta ne kawai, kamar ta kawo mishi ruwan alwala.

Na yunƙura zan tashi. Yayar maigidana ta danne gwiwata da hannu.

"Zauna. Ƙanena bai daɗe cikin ƙasa ba, ki fita gaban ƙattin maza?"

Na ce, "Yaya, to ke ki gaya musu."

"Ni in shiga maganar zaure? Da girmana?"

Ina zaune, dugadugaina na taɓa jakar, har na ji an rufe ƙofar mota.

Da ɗiyata ta dawo da la'asar na faɗa mata. Ko kwanon awo ba ta aje ba, ta hau kabu-kabu ta bi masaukin baƙi tana tambaya. Sun riga sun tashi, ba wanda ya san inda sunka nufa. Ta dawo ta ɗora mini ruwan zafi. Ni na yi kukan.

Da na fita takaba anka yi rabo. Kamera ta faɗa ga kason ɗana, shi kuma ya ba ɗan bappanshi, mai shagon hoto kusa da tasha. Ba a jima ba sai ga mai shagon da sallama. Ya tafi biki, mata sun tsai da shi zaure.

Ya ce ma ɗiyata, "Yaya, ki riƙa shiga mini mana. In an gama ki maido mini, ni ba na barin kamera ta kwana waje."

Ta shigo ɗaki ta tsaya bakin gado. "Inna, in tafi?"

Na so in ce ta bari, ƙila mutanen nan su dawo. Amma wa za su tambaya in sun dawo? Zauren dai shi ne, maza ne za su amsa musu.

Na ce, "Tafi, kada hannunki ya mance."

Ta ɗauki mayafi ta bi shi. Ina jinta daga soro tana tambayarshi ko ya cika batiri.