Yadda Malam Saleh Ya Zama Baba Tsundum

Shekara ashirin da biyu Malam Saleh ya yi yana tuƙa baƙi a kwalekwale cikin tafkin Dagona, yana nuna musu tsuntsaye. Bai yi boko ba, amma ko a rufe idonsa yake, daga kuka yana bambance ɗinya da kirinjijiya. Da baƙi suka ɗauke ƙafa saboda tsoron hanya, sai ya koma kamun kifi.

Wata rana ya kai bandar kifi kasuwar Nguru, ya haɗu da Yuguda, mai wani ƙaramin kamfanin bidiyo.

Yuguda ya ce, "Baba, abin da ke kanka duniya ke nema. Bari mu ɗauke ka mu ɗora a Yutub."

Shiri goma sha ɗaya suka yi. Saleh yakan sa rigarsa ta Juma'a, ya yi bayani a natse. Masu kallo ba su taɓa haura ɗari biyu ba. Yuguda ya gajarta shirin, ya sauya take, ya sauya lokacin ɗorawa, duk shiru.

A ɗauka ta goma sha biyu Saleh ya hango gauraka, wanda rabonsa da shi shekara shida. Ya miƙe zumbur zai nuna tsuntsun, santsi ya kwashe shi, sai tsundum cikin ruwa. Yuguda ya yanko faɗuwar kaɗai ya ɗora. Kafin Asabar mutum dubu ɗari uku sun kalla.

Yuguda ya zo har gida, bakinsa har kunne. "Baba, mun gano hanya. Faɗuwa ɗaya a mako, shi ke nan."

"Tsuntsayen fa?"

"Idan jama'a sun taru, sai mu dawo da su."

Saleh ya yarda saboda wannan alkawari. Sau tara yana faɗawa ruwa da gangan, har da lokacin sanyi, inda ya kwaso tarin da bai rabu da shi ba har yau. Matarsa Rahima ta dawo daga suna a Gashuwa ta zauna a bakin ƙofa, ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, a gabana mata ke miƙa wa juna waya suna ƙyaƙyata dariya. Na rasa inda zan sa kaina."



Daga baya masu kallo suka gaji. Yuguda ya koma ɗaukar 'yan barkwanci, ya daina amsa kiran Saleh. Sunan dai ya zauna: ko a tasha, Baba Tsundum ake kiransa.

Bara wasu ɗalibai suka zo binciken tsuntsaye, suka nemi wanda zai zagaya da su. Aka ambaci Saleh, malaminsu ya ce su ba ɗan wasa suka zo nema ba. Wani masunci suka ɗauka. Saleh yana gyaran koma a gaɓa suka wuce, ya ji mutumin yana nuna musu zalɓe yana cewa shamuwa ce, su kuma suna rubutawa. Ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Kafin ya lafa, kwalekwalen ya yi nisa.